Firinta tana komawa Offline duk sanda aka ɗauke wuta, a taimaka

Abban_Walid:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shagon buga takardu a Tudun Wada wajen Kasuwar Barci, kwamfuta uku ne da firinta ɗaya ta leza da na saya ta hannu, na jona ta da rauta (na'urar da ke haɗa su a netwok ɗaya) ta kebul. Ranar da aka saita komai lafiya lau, kowa na turo aiki daga kujerarsa. To amma da an ɗauke wuta mun tada janareta sai ta koma Offline a duka ukun alhali ga ta nan a kunne, fitilarta kore shar. Jiya yara masu buga silif ɗin JAMB sun cika min shago, wata baiwar Allah ta fi minti 40 tana jiran shafi ɗaya tal, ƙarshe ta karɓi kuɗinta ta tsallaka titi. Sai na sake saka firintar kamar sabuwa take yarda, yanzu har na kai Copy 5. Ina matsalar take don Allah?

Dan_Rigasa:
Wslm. Direba ne oga, wato manhajar firintar da ke cikin kwamfuta, sauke sabo ka saka. Ko ka jona USB a kwamfuta ɗaya ka raba wa sauran ka huta.

Injiniya_Kawo:
Wa alaikumus salam. Dan_Rigasa ka yi haƙuri amma ba direba ba ne, da shi ne ai ko sau ɗaya ba za ta buga ba. Rabawa ta USB kuma dole waccan kwamfutar ta zauna a kunne kullum, a janareta wannan asarar mai ce.

Alhaji abin da ke faruwa shi ne rauta ita ke raba wa kowace na'ura lamba, wato IP, kuma aro take bayarwa ba kyauta ba. Yau firintarka tana 192.168.0.103, wuta ta tafi ta dawo, wayar yaron shagonka ta riga ta shiga ta karɓe lambar, firinta ta samu 105, su kuma kwamfutocin suna can suna ta sallama a tsohon gida. Wani lokacin ma firinta ta riga rauta gama tashi, sai ta ba kanta lamba mai farawa da 169.254, in ka ga wannan to ba ta samu komai daga rauta ba ke nan.

Ka shiga menu na jikinta ka buga shafin Network Configuration ka ga lambar da take kai. Rubuta lambar a burauza, in ba mai 169.254 ba ce shafin saitinta zai buɗe, ka mai da IP daga Automatic zuwa Manual ka ba ta lamba can nesa da waɗanda rauta ke rabawa, kamar 192.168.0.50 in rabon daga 100 yake farawa. Subnet 255.255.255.0, gateway lambar rautarka. Kula fa, wasu rautocin 192.168.8.1 ne wasu 192.168.1.1, gidaje ukun farko dole su zama iri ɗaya da naka, kar ka kwafi nawa ido rufe.

Sai ka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, Printer properties, Ports, Add Port, Standard TCP/IP Port, ka sa sabuwar lambar. In ka tarar a Ports ɗin tana kan WSD, wato port ɗin da Windows ke sakawa da kanta, ka sauke ta daga kai, ni dai ban taɓa jin daɗinsa ba. Goge duk Copy ɗin nan. Kafin ka tura aiki buɗe cmd, wato Command Prompt na Windows, ka rubuta ping 192.168.0.50 don gwada ko kwamfuta na kaiwa ga firintar, in ka ga Reply to hanya ta buɗe.

Maman_Ilham:
Ƙari a kan na Injiniya, a ofishinmu na Unguwar Rimi mun yi duk wannan ping yana amsawa amma ta nace Offline, ashe wani ɗan akwati ne a Configure Port mai suna SNMP Status Enabled, muna cire alamar ta dawo. Kuma ayyukan da suka maƙale ka share su tukuna, services.msc, tsayar da Print Spooler, kwashe abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS sannan ka tada shi, in ba haka ba tana dawowa za ta fara amayo takardun jiya ta cinye maka rabin rim. Ya faru da ni, shafi 60 na wani furojet.

Abban_Walid:
Allah Ya saka da alheri Injiniya, Hajiya na gode. Wallahi 169.254 ɗin na gani a takardar. Na sa mata 50, yau sau biyu ana ɗauke wuta ba ta motsa ba. Laftof ɗin ce kaɗai ta ƙi, na fi awa ina fama ping ba ya amsawa, ashe yaron nan ya jona ta da hotsfot ɗin wayarsa tun shekaranjiya yana kallon ƙwallo.

Dan_Rigasa:
Hhhh to a cire kuɗin baiwar Allahn nan a albashinsa.