Notin kan famfo ya ƙi kwancuwa

Baban Yara: Salamu alaikum. Kan famfon besin yana yoyo, ina son canza shi, amma notin da ke ƙasa ya cije. Wurin matsattse ne, sifana ba ta shiga. Yaya zan yi?

Mai Gyaran Famfo: Wa alaikumus salam, Alhaji. Fara rufe ruwa, ka cire tiyon da ke haɗe. Goge tsatsar da buroshin waya, fesa WD-40 (man feshi mai sassauta tsatsa) ko kananzir, ka bar shi minti 20. Nemi sifanar besin, mai dogon hannu da kai mai lanƙwashewa. Ɗan ƙara ɗaure notin tukuna, hakan ke karya tsatsar, sannan ka juya akasin hannun agogo kana kallonsa daga ƙasa. Wani ya riƙe kan famfon ta sama, in ba haka ba tare za su juya.

Injiniya: In farin gishiri ka gani a jikin notin, aikin ruwan burtsatse ne, mai ba ya narkar da shi. Jiƙa tsumma da ruwan khal, naɗa masa awa 1.

Malam na Kurmi: Don Allah kar a sa wuta ko guduma, besin tangaran ne, tsagewa zai yi. In kusurwoyin notin sun cinye, yanka shi da ruwan zarton ƙarfe a gefe 2, ka ɓare da sukundireba.