Damon ɗana ya karye a ƙafar baya: waɗanda suka taɓa irin wannan jinya, ku ba mu labari

Wani uba, daga Yantala, Yamai

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ɗana mai shekara 12 yana kiwon wani ɗan damo tun daminar da ta wuce, wanda wani manomi ya tsinta a gonarsa ya kawo mana lokacin da tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Kwana 9 ke nan da ya suɓuce daga hannun yaron ya faɗo kan siminti, daga tsayin da bai fi na kujera ba, kuma tun daga ranar yake jan ƙafarsa ta baya ta hagu, cinyar ta kumbura. Likitan dabbobin da muka kai wa ya lalluba ya ce karaya ce, ya miƙar da ƙafar ta baya, ya ɗaure ta a jikin gindin wutsiya da auduga da filasta, ya ce mu koma bayan sati 2. Bai ɓoye mana ba cewa shanu da awaki da karnuka ya saba dubawa, damo kuwa wannan ne na farko da ya zo hannunsa. Damuwata ita ce dabbar ta daina cin abinci, tana wuni kwance a lungun akwatinta, shi kuma yaron yana ɗora wa kansa laifi har barcin kirki ya gagare shi. Ina roƙon duk wanda ya taɓa jinyar damo ko wani ƙadangare mai karaya ya gaya mana abin da ya gani da idonsa.

Wani malamin makaranta, daga Tawa

Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Malam, tambayata gare ka biyu ce: me yake ci, kuma rana tana taɓa jikinsa kai tsaye ko kuwa ta bayan gilashi? Dalilin tambayar shi ne faɗuwa daga tsayin kujera bai kamata ta karya lafiyayyen ƙashi ba.

Shekara 3 da suka wuce wani abokina direba ya kawo mini ƙadangaren dutse mai ƙayar wutsiya, irin na duwatsun Ayar da ke arewacin Nijar, wanda masana suke kira Uromastyx. Na ajiye shi a ɗaki cikin akwatin gilashi kusa da taga, ina ba shi salati kullum, ina ganin na gama masa komai tunda haske yana shigowa. Bayan wata 7 na lura yatsunsa suna rawa idan ya tsaya, haɓarsa ta yi taushi, ba ya iya ɗaga cikinsa daga ƙasa in yana tafiya. Wata safiya na tarar da ƙafarsa ta gaba a lanƙwashe, alhali bai faɗo daga ko'ina ba.

A nan ne na koyi abin da ya kamata in sani tun ranar farko. Fatar ƙadangare tana amfani da wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB wajen samar da bitamin D3, kuma sai da wannan bitamin hanji yake iya tsotsar kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, daga abinci. Gilashin taga yana tare kusan dukkan wannan haske, saboda haka dabbar da ke kwance cikin hasken da ya ratso gilashi tana shan ɗumi ne kawai, ƙashinta bai amfana da komai ba. Idan kalsiyam ya yi ƙaranci a jini, jiki yakan koma ya ɗebo shi daga ƙasusuwa, su yi ta raguwa har su zama kamar busasshen kara. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne a garin da rana ba ta ƙaranci ko sau ɗaya a shekara na bar dabba ta kamu da ciwon rashin rana.

Na fitar da shi tsakar gida cikin keji na waya, rabinsa a rana, rabinsa a inuwa. Na daina salati na koma ganyen zogale da ganyen wake, ina barbaɗa masa garin ɓawon ƙwai wanda na tafasa, na shanya, na daka ya yi laushi kamar fulawa. Sai da ya yi kusan wata 3 kafin ya taka ƙafar da kyau, kuma har yau tana da ɗan karkata da ƙulli a wurin da ta haɗe, amma yana gudu, yana tona rami.

Uban yaron, daga Yantala

Malam, ka taɓo inda ciwon yake. A cikin ɗakin yaron yake, bai taɓa shan rana a waje ba saboda tsoron kyanwa, kuma abincinsa tsokar nama ce da hanta, wani lokaci da dafaffen ƙwai.

Wata ma'aikaciyar jinyar dabbobi, daga Lazare, Yamai

Baba, to ga rabin amsar nan. Tsokar nama da hanta suna da wani sinadari mai suna fosfaras da yawa, kalsiyam kuwa kaɗan ƙwarai, alhali abin da ake nema a abincin irin waɗannan dabbobi shi ne kalsiyam ya kusan ninka fosfaras sau 2. Damo a daji ƙwari yake ci, fara da gyare da ƙadandoniya da katantanwa har da ɓawonta. Ku nemo masa ɗanyar fara daga wurin da ba a fesa magani ba, kada ku ba shi soyayyar ta kasuwa mai gishiri da yaji, kuma ku riƙa birkita ta cikin garin ɓawon ƙwai kafin ku miƙa masa, domin su ma ƙwarin ba su da isasshen kalsiyam.

Sau 2 aka kawo mana damo mai karaya a inda nake aiki, kuma ɗaurin da likitanku ya yi shi ne wanda aka saba: ƙafar baya a jikin wutsiya, ta gaba a jikin haƙarƙari. Abin lura shi ne kada filastar ta rufe mafitar kashinsa, kuma a bar yatsu a waje ana duba su safe da yamma. In suka kumbura, ko launinsu ya sauya, ko ɗaurin ya jiƙe ya fara wari, kada a jira cikar sati 2. Ku roƙi likitan ya ɗauki hoton ƙashin, wanda muke ce wa radiyo, domin hoton zai nuna ko ƙasusuwan jikin gaba ɗaya sun yi sirara. Idan haka ne, ɗauri kaɗai ba zai haɗa karayar ba sai an gyara abinci da rana.

Ana yi wa damo kirari da sarkin haƙuri, kuma wannan haƙurin ne yake sa mutane su ɗauka ba ya jin zafi. Yana ji, ɓoyewa kawai yake yi. Likitoci suna ba su maganin zafi irin meloksikam gwargwadon nauyinsu, wanda ake aunawa da giram. Kada kowa ya ɓantari farasitamol ko wani maganin mutane ya ɗura masa, haka nan kada a yi ta ɗiga masa bitamin D ba bisa awo ba, saboda yawansa yana lalata ƙoda.

Game da ƙin abinci, mu tuna muna cikin hunturu. Damo a daji da damina yake ci ya tara kitse, da rani kuma yakan shige rami ya daɗe bai ci ba. Ku auna shi sau ɗaya a sati a ma'aunin kicin ku rubuta. In nauyin yana nan, gindin wutsiyar bai rame ba, kwana 9 ba abin firgita ba ne.

Wani dattijo, daga Bukoki

Ni maɗori ne na gado, na ɗora mutane, na ɗora akuya da kaza ba adadi. Jikana ya taɓa kawo mini jan ƙadangare da ƙofa ta matse wa ƙafa, na yi masa ɗori da tsinken kara da zare kamar yadda nake yi wa kaza, na ja zaren sosai don kada ya motsa. Kwana 4 na kwance, na tarar yatsu 2 sun yi baƙi, daga baya suka bushe suka faɗi. Ƙashin ya haɗe, yatsun ba su dawo ba. Wutsiya ce wasu ƙadangarun suke sakewa in ta gutsure, ƙafa da yatsu ba sa sake tohowa. Hannuna ya saba da ƙafa mai kauri, ban yi la'akari da cewa jijiyoyin wannan halitta sun fi zare siranta ba. Abu na biyu da na gani, kaza takan taka ƙafarta cikin sati 3, shi kuwa ƙadangaren sai da ya haura wata 2. Ɗana, ka gaya wa yaron kada ya ƙosa ya riƙa ɗaga shi yana gwada ƙafar.

Wata uwa, daga Harobanda

Ina goyon bayan maganar rana, amma ina gargaɗi da abin da ya faru a gidana. A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40, ƴata ta fitar da ƙadangarenta mai ɗauri cikin robar wanki ta ajiye a rana, ta shiga ɗaki ɗauko ruwa ta shagala. Ba a yi rabin awa ba muka tarar da shi baki buɗe, bai kai yamma ba ya mutu. Mai karaya ba ya iya rarrafawa da sauri zuwa inuwa, roba da gilashi kuma suna tara zafi. A fitar da shi da hantsi, mutum yana zaune a kansa, inuwar tana dab da jikinsa. Kuma a sa yaron ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa shi ko akwatinsa, saboda waɗannan dabbobi suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi.

Wani matashi, daga Talaje

Ku gafarce ni, iyayena, ni ina ganin a mayar da shi daji. Na sha ganin ƙadangaru a jikin katanga da karkatacciyar ƙafa, sun warke ba wanda ya ɗaure su.

Malamin makarantar, daga Tawa

Ƙanena, waɗanda suka rayu ka gani, waɗanda shaho da kyanwa suka ɗauke ba su kai ga katangar ba. Na yarda da kai cewa damo ɗan daji ne, kuma da ba a ɗauko shi tun farko ba ya fi. Amma sakin dabba mai laushin ƙashi, mai ƙafa 3, a tsakiyar rani lokacin da ƙwari suka yi wuya, kashe ta ne. In za a yi maganar saki, a bari ƙafar ta haɗe, damina ta sauka.

Na manta ban faɗi batun dare ba. Jikinsu ba ya samar da ɗumi da kansa, kuma narkewar abinci da haɗewar ƙashi duk suna tafiyar hawainiya cikin sanyi. A daren Janairu a nan Tawa nakan cika kwalba da ruwan ɗumi, in naɗe ta da tsumma, in jingina ta a gefe ɗaya na akwatin daga waje. Ƙwan lantarki irin na da mai zare yana ba da ɗumi amma ba ya maye gurbin rana, kuma a rataye shi inda jikin dabbar ba zai taɓa ba, don sukan ƙone ba su matsa ba. Garwashi a rufaffen ɗaki kuwa haɗari ne gare shi da yaron baki ɗaya.

Uban yaron, bayan sati 5

Allah ya saka muku da alheri. An ɗauki hoton, ya nuna ƙasusuwan sun yi sirara kamar yadda ƴata ma'aikaciyar jinya ta Lazare ta yi zato. Mun mayar da shi ƙaramin akwati, mun cire itacen da yake hawa da yashin da ke ƙasa, mun shimfiɗa takarda, mun sa ruwa a faranti marar zurfi don kada ɗaurin ya jiƙe. Kowace safiya kafin ya tafi makaranta yaron yana zama da shi a tsakar gida, a ranakun hutu kuma su kai hantsi. A kwana na 16 ya karɓi fara ta farko, yanzu yana cin 4 ko 5 duk bayan kwana 2. An sauya ɗaurin sau 2, kuma a karo na biyu an tarar tsohuwar fatar da yake saɓa ta maƙale a ƙarƙashin filasta, likitan ya jiƙa ta ya cire a hankali. Kumburin ya sauka, akwai ƙulli mai tauri a cinyar, yatsun duka 5 suna motsi. Likitan ya ce a bar ɗaurin sati 3 nan gaba, sannan a sake ɗaukar hoto kafin a kwance.