Fur da reshon kuran: priz ɗina na wari kuma ƙarfen yana ɗan jan hannu

Uwargida Zengo:
Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah masu sanin aikin kuran ku taimaka mini. Yayana ne ya aiko mini da fur na kuran da resho mai kai huɗu shi ma na kuran, saboda ina ƴar sana'ar gato da biskit. Yaron da ya zo haɗawa sai ya sa musu fish ya cusa su a ralonj ɗin da firigo yake kai, ya ce ba komai. To jiya ina gashi na ɗora tukunya biyu sai na ji warin roba, na taɓa priz ɗin zafi rau har gefensa ya yi baƙi. Kuma in na taɓa ƙofar fur ɗin ba takalmi ina jin yana ɗan jana. Ina da yara ƙanana masu shiga madafa, wallahi ban yi barci ba.

Mai gyaran kuran Birni:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai ki cire su daga ralonj ɗin nan yau, kar ki sake kunnawa. Ki duba bayan kowanne akwai ƴar takarda an rubuta watt, ki raba shi da 220, wato volt ɗin kuran na gida, zai ba ki ampar ɗin da yake ja. Resho mai kai huɗu yawanci 6000 zuwa 7000 watt ne, wato wajen ampar 27 zuwa 32 in an kunna duka, fur kuma in 2500 ne ampar 11 da ɗoriya. Priz na gida iyakarsa ampar 16, ralonj na kasuwa ma da yawa ba su kai haka ba, to kin ga an ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Resho ba a sa mishi fish, layinsa daban ake ja mishi tun daga tablo, waya mai kauri 6 mm² da disjonktar (abin da ke faɗuwa ya katse wuta in an yi wa layi nauyi) na ampar 32, a ɗaure wayar kai tsaye cikin akwatin bango. Fur shi ma nashi layin, 2,5 mm² da disjonktar na 20, kada a haɗa shi da firigo ko wani abu. Kuma a bayan reshon akwai zane da ƴan ƙarafunan da ake gadawa tsakanin kusoshi, haɗin 220 daban na 380 daban, wanda bai iya karanta zanen ba kar ya taɓa. A ɗaure kusoshin tam, waya in ta yi sako-sako nan take fara zafi.

Jan da kike ji shi ya fi tada mini hankali, yana nufin kuran na zuba a jikin ƙarfen kuma gidan ba tar, wato wayar da ke kai kuran ɗin da ya zuba cikin ƙasa, ko akwai amma ba a haɗa ba. Wayar nan mai kore da ɗorawa ita ce, tana tafiya har sandar da ake kafawa cikin ƙasa. Nan Damagaram ƙasarmu busassa ce ga dutse, in aka soka sanda taƙi ɗaya aka rufe ba ta aikin komai, sai a nemi wuri mai danshi a kafa ta da zurfi a gwada da na'ura. Sannan a sa diferansiyel na 30 mA, shi ne mai katse wuta nan take in ta fara bi ta jikin mutum.

Ɗan Sabon Gari:
Ni dai nawa da yake yawan faɗuwa canza disjonktar na yi na sa babba, tun lokacin shiru. Ki gwada haka Hajiya ya fi sauƙi.

Mai gyaran kuran Birni:
A'a ɗan uwa don Allah kar ka ba ta wannan shawara, kai ma ka je ka mai da naka. Disjonktar waya yake tsaro, in ka sa na 32 a kan siririyar waya ita za ta gasu cikin bango shi yana zaune bai faɗi ba, balle a zafin Afrilu da Mayu da bangon kansa kamar tanda.

Maman Biyu Garin Malam:
Hajiya ki kula da wayar da za a sayo miki ma. Mu an taɓa kawo mana wata ja jawur kamar ta kirki, ashe sanholo ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama, da maigidana ya kankare ta da wuƙa sai ga fari a ciki, ga ta ba nauyi. Ki sa a kankare a gabanki. Kuma ki duba ampar nawa kwantarku take ɗauka, in ƙarama ce ko an ja layi mai kyau babban disjonktar zai riƙa faɗuwa, sai kun je NIGELEC an ƙara muku. Ni shi ya sa na bar girki a gaz, fur kaɗai nake kunnawa da kuran.

Uwargida Zengo:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na cire su, na duba takardar reshon 6500 ne. Maigida ya ce gobe zai kawo wani ya duba kwantar da maganar tar ɗin, reshon kuma na rufe shi da zane sai an ja mishi layinsa. Malam na Birni, kafin a yi tar ɗin ko fur ɗin kaɗai zan iya kunnawa in na sa takalmin roba? Ina da odar gato ta suna ranar Asabar.

Mai gyaran kuran Birni:
Kar ki kunna Hajiya, takalmi ba zai tsare yaron da ya shigo da jiƙaƙƙen hannu ba. Ki roƙi maƙwabciya ki gasa a nata wannan satin.