Mun kama gida a bakin tafkin Bosomtwe: waɗanda suka taɓa kwana a can, ku ba mu labari

Mai shagon Alabar:
Assalamu alaikum. Shekarata ashirin da wani abu a Kumasi ta Ghana, amma tafkin Bosomtwe a kalanda kawai na san shi. Bana yara suka matsa min lamba, na kama wani gida na kwana uku a wani ƙauye gaba kaɗan da Abono, garin da ke bakin tafkin, ɗaki uku da madafa, barandarsa na kallon ruwa. Mu tara ne, har da Hajiyarmu mai fama da ciwon gwiwa. Babban ɗana ya riga ya cika takarda da wuraren da za mu zaga: Bonwire, Bobiri, Besease, Ntonso, Owabi. Waɗanda suka je, me za mu ɗauka, me za mu bari?

Direban trotro (motar haya), Sawaba:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce wa yaron ya soke Ntonso da Owabi tun yanzu. Ntonso tana hanyar Mampong, Owabi tana arewa maso yamma, sai kun sake ratsa Kumasi gaba ɗaya. Wanda ya gudo daga cunkoson Atonsu, me zai mai da shi ciki da ƙafarsa?

Waya za ta ce maka tafiyar kilomita 30 ce da 'yan kai: Atonsu, Esereso, Aputuogya, Jachie, sai Kuntanase. Gaskiya ne, amma ba ta faɗa maka abin da ke bayan Kuntanase. Tafkin a cikin ƙwarya yake. Za ka hau har bakinta, sannan ka gangara da kwana-kwana. Farkon zuwana na ɗauko mata 'yan biki, mota cike, na yi ta danne burki. Kafin mu kai ƙasa wari ya cika motar, wata tsohuwa a baya tana ta salati da ƙarfi. Tun daga ranar da giya ta biyu nake sauka. Kuma ka tuna, duk fitar da za ku yi, sai kun hau wannan tudun kun sake saukowa.

Malamar kimiyya, Asawase:
Direba bai san ya yi darasi ba da ya ce ƙwarya. Wani dutse ne ya faɗo daga sama, shekara miliyan ɗaya da 'yan kai da suka wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita goma da rabi, ruwan sama ya taru a ciki. Ruwan kansa ya kai faɗin kilomita 8, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Shi kaɗai ne tafkin da ba ɗan Adam ya yi ba a Ghana. Na Volta madatsar Akosombo ce ta haife shi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu.

Na kai 'yan ajina sau biyu. Wani yaro ya tsare ni: "Malama, to ina dutsen?" Na ce ƙarfin karon ya narkar da shi, har an tsinci ɓurɓushin narkakkiyar ƙasar wurin a Kodebuwa. Ya dube ni kamar na yi masa tatsuniya. Alhaji, idan mota ta kai bakin ƙwaryar, ku sami wuri mai kyau ku tsaya kafin gangara. Daga nan ne kawai yara za su ga zagayen, da zarar an sauka ya ɓace.

Hajiyar Aboabo:
Ku bar Alhaji da lissafin kilomita, ni maganar ciki zan yi. Mun kwana huɗu bara da jikokina. Ku sayi namanku a Kumasi wurin mahaucin da kuka sani, ku soya, ku tafi da shi. Haka shinkafa, mai, shito, garin koko da ruwan sha. A can abin da za ku samu a wadace shi ne ayaba, rogo, gwaza da ganyenta, sai kifi. Karfasa ce, ƙanana, amma idan aka soya ta ƙayau har ƙayar ake taunewa. Mu dai dokunu da kifi da barkono muka yi ta ci har aka manta da naman.

Ba mu ji kiran salla a ƙauyen da muka sauka ba, da waya muka riƙa duba lokaci. Alƙibla gabas ce mai karkata arewa. Ku ɗauki gidan sauro da fitila, don daren farko wuta ta ɗauke mana.

Abin da ban manta ba shi ne bayan asuba. Na shimfiɗa darduma a baranda ina lazimi, hazo kwance a kan ruwa kamar auduga. Can sai na ga mutum zaune a tsakiyar ruwan, babu jirgi, babu komai. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Da haske ya ƙaru na ga ashe a kan katako yake, ƙafafunsa a ruwa, yana tuƙi da hannuwa, kwandonsa a gaba. Alhaji, ka ajiye wa Hajiya kujera a barandar nan, kada ka ja ta ko'ina.

Ɗan Tafo Zongo:
Mma, wannan katakon sunansa padua, kuma ni ne shaida cewa ba abin wasa ba ne. Na ga yaro ɗan shekara goma yana sarrafa shi kamar keke, na ce ni ma a ba ni. Ko numfashi uku ban yi ba ya juye da ni. Ruwan iya ƙirji ne a wurin, ɗumi-ɗumi, amma wayata tana aljihu. Ta tafi ke nan, da lambar MoMo ta aika kuɗi da komai. Masuntan suka yi dariya har da riƙe ciki.

Ban da raha, a sa ido kan yara. Bakin ruwan yana yaudara, tsakiyarsa ta wuce zurfin mita 70, ga kututturan itatuwan da ruwa ya cinye a wasu wurare. Idan za ku shiga jirgi mai inji, ku gama ciniki tun kuna tudu, kuma kowa ya sa rigar ruwa. Ku guji ranar hutun gwamnati. Na taɓa zuwa ranar 26 ga Disamba, Abono ta koma kamar kasuwar Kejetia ta Kumasi, lasifika ta ko'ina.

Dattijon Sabon Zongo:
Ɗana, ka yi arha da waya kawai. Katakon nan ba don rashin jirgi suke hawa ba. A wurin Tonawa, kamar yadda iyayenmu ke kiran mutanen Asante, tafkin mai tsarki ne, al'adarsu ta gargajiya ta hana ƙarfe taɓa ruwan, ko da yake yanzu akwai jirgi mai inji, kuma suna cewa rayukan matattunsu na biyowa ta nan su yi bankwana. Labarinsu ya ce wani maharbi ne ya biyo gadar da ya harba, ta faɗa ruwan ta ɓace. Sunan ma daga nan ya fito, "bosom" abin bauta, "otwe" gada. Mu ba mu yi imani da wannan ba, amma baƙo ba ya gyara wa mai gida shimfiɗa. Ka ja wa yara kunne, Alhaji, kada su yi ba'a.

Idan fita ɗaya za ku yi, ku bi ta Ejisu, ba sai kun koma Kumasi ba. Garin Yaa Asantewaa ne, wadda ta ja yaƙin 1900 da Turawan Ingila, aka kai ta tsibirin Seshel ta rasu a can a 1921. A yaƙin nan akwai sojojin Hausa a ɓangaren Bature, abin da ba a cika faɗa a zaure ba. Besease na nan kusa, da tsohon ginin ƙasa mai zane a bango. Gidan tsafi ne, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tsaya a waje. Daga nan sai Bonwire, ku ga masaƙan kente. Su ma sun ce wurin gizo suka koyi saƙa, ka ga ba mu kaɗai ya yi wa wayo ba.

Maman 'yan biyu, Akwatia Line:
Baba, a bar mana Bobiri a jerin! Gaba da Ejisu take, ta Kubease, a hanyar Accra. Kurmi ne mai malam-buɗe-littafi kusan iri 400. Sai dai mu mun yi sammako, bakwai na safe muna can, gari a lumshe, guda uku muka ƙirga. Jagoran ya ce sai rana ta ɗaga suke fitowa. Muka zauna muka ci waakye, wajen sha ɗaya kuwa sai ga su a kan danshin hanya, har suna sauka a gyalena. A sa takalmi rufaffe. Ɗaya daga cikin 'yan biyun ta taka layin kwarkwasa da silifa, kurmin duka ya ji muryarta.

Mai shagon Alabar:
Jama'a, mun dawo jiya, Allah ya saka. Fita ɗaya muka yi, Bobiri da Bonwire, muka dawo gida bayan magariba kowa a gajiye. Sauran kwana biyun yara suna bin masunta da masu gonar koko, wani manomi ya fasa musu ƙwallo ɗaya suka tsotsi farin cikinsa, suka ƙi yarda daga nan cakulan ke fitowa. Mai takardar da kansa bai ƙara tada zancen Ntonso ba. Hajiya ba ta bar barandar ba sai don alwala, yanzu tana tambaya ko mai gidan zai yi ragi idan muka kama mako guda. Direba, na sauka da giya ta biyu. Hajiya ta manta butarta ta tagulla a bayan ƙofar madafa, idan kana da lodi zuwa Abono a makon nan, ka biyo ta shago.