Wuƙar aljihu ta naɗe a kan yatsana: wane makulli kuka gwada?

Mai Albasa, Mile 12:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da babban yatsa kaɗai nake wannan rubutu, domin manuniyata ta dama tana cikin bandeji. Ranar Talata da asuba motarmu ta iso daga Aliero, muna sauke kaya ana yayyafi. Wani buhu an ɗinke bakinsa da igiyar leda, ɗinkin ya matse ƙam. Na cusa tsinin wuƙa ƙarƙashin igiyar na danna da ƙarfi, sai ruwan wuƙar ya karyo ya rufe a kan yatsana. Ɗinki huɗu aka yi mini a wani ƙaramin asibiti a Ketu.

Wuƙar shekararta shida a aljihuna, kuma ba ta da makulli, sifirin ne kawai a bayanta yake tokare ta. Yanzu zan sayi mai makulli. Na leƙa wajen masu sayarwa a kasuwar Idumota nan Legas na ga kala-kala: mai zobe, mai dannawa ta baya, mai ture wani ƙarfe daga ciki. Kowane mai kaya tasa yake yabo. Don Allah wanda ya yi aiki da ɗaya daga cikinsu da hannunsa ya faɗa mini abin da ya gani.

Dattijo, Alaba Rago:

Wa alaikumus salam. Sannu ɗana, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ni tun ina yaron dillali Okapi nake riƙewa, mai hoton wata da taurari a ƙotarta. Jamusawa ne suka fara ƙera ta a 1902 don kasuwar Afirka, a garin Solingen, kuma daga 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Sifirinta a waje yake, kwance a bayan ƙota, da zobe a jikinsa. In kana buɗe ta za ka ji ƙaras-ƙaras har ta zauna. Ba za ta koma ba sai ka sa yatsa a zoben ka ɗaga sifirin.

Abin da ya sa ban sake ta ba, komai nata a fili yake. In gashin rago ko ƙasa ya shiga, idonka zai gani, ka hure ka wuce. Da ita nake yanke igiyar ɗaure dabbobi, lokacin Babbar Sallah kuwa ba ta hutawa. Rufe ta hannu biyu take so, kuma ni hakan ya yi mini, don ba na gaggawa da kaifi. Sai dai ka kiyayi jabu. Na taɓa sayen wata a kan tire, hoton ƙotar iri ɗaya, amma sifirin kamar murfin gwangwanin madara, sati biyu ya miƙe ya daina kamawa. Kafin ka biya kuɗi ka ja zoben. In bai yi maka gardama ba, ajiye musu kayansu.

Direban Tirela, Apapa:

Baba ya yi gaskiya a kan Okapi, amma ni makullin baya na fi yarda da shi. Ina da Buck 110 da na samu wajen 'yan gwanjo, irin wadda aka fara fitarwa a Amurka a 1964, ƙotar katako da tagulla a kai da gindi. Nauyinta ya kai giram 200, ba ta aljihun kaftani ba ce, a kuben fata take a ɗamarata. Yadda take aiki: wata doguwar sandar ƙarfe ce ta bi bayan ƙota, kanta yana da ƙugiya, in wuƙar ta buɗe ƙugiyar ta faɗa wani gurbi a gindin ruwan wuƙar. Za ka ji ƙas. Sai ka danna can wajen gindin ƙota sannan ta saki.

Malam mai albasa, ga abin da nake so ka riƙe. Wannan gurbin shi ne ran makullin, kuma shi ne matattarar datti. Kafin wannan na yi wata mai irin wannan makulli wadda ba ta da suna. Mun kwana huɗu a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Tin Can, tana yawo a aljihu tare da ɓawon goro da zaren wando. Da na zo yanke igiyar tamfol, na buɗe ban ji ƙas ɗin nan sosai ba, ban kuma kula ba. Ashe dattin ya cika gurbin, ƙugiyar rabi kawai ta shiga. Tana taɓa igiya ta lanƙwaso, Allah Ya sa yatsuna suna baya. Tun daga ranar duk Juma'a sai na sa tsinken sakace na share gurbin, na ɗiga man keken ɗinki. A wajenku da ɓawon albasa ke tashi kamar ƙaiƙayi, kullum za ka riƙa yi.

Mai Wayarin, Agege:

Allah Ya ƙara lafiya Malam. Ni dai aikina a kan tsani yake, hannu ɗaya yana riƙe da waya ko bango, saboda haka wuƙar da ke neman hannu biyu ba tawa ba ce. Laina-lok nake amfani da ita, wato mai makullin ciki. Wani siririn faranti ne a cikin ƙota, in wuƙa ta buɗe sai ya zamo gefe ya tokare gindinta. Wani maƙerin wuƙaƙe ɗan Amurka, Michael Walker, shi ya gyara tsarin ya zama yadda yake yanzu a wajen 1980. Da babban yatsa nake buɗewa, da shi nake ture farantin in rufe.

Ba zan ɓoye maka aibinta ba. Lokacin da kake ture farantin, yatsanka yana daidai hanyar da kaifi zai bi. Sai ka saba: ka ture, ka ɗan karyo wuƙar kaɗan, ka janye yatsa, sannan ka ƙarasa. Na biyu, in ka damƙe ƙota da ƙarfi kana murɗawa, naman hannunka na iya ture farantin ba ka sani ba. In za ka saya, buɗe ka leƙa ciki. Farantin ya zauna sosai a gindin wuƙar, kamar sulusi zuwa rabi. In bakinsa kaɗai ya taɓa, zai zame. In kuma ya tafi har ya jingina da ɗaya bangon, ya cinye ke nan. Akwai 'yar'uwarta, firem-lok, wadda jikin ƙotar ne da kansa yake tokarewa, kuma damƙar hannu ƙara danne ta take yi. Chris Reeve, mutumin Afirka ta Kudu, shi aka sani da ita, amma ta kirki kuɗinta ba na wasa ba ne.

Bahago, Idi-Araba:

Ƙanena mai wayarin, ka manta da mu. Yawancin laina-lok don na-dama aka yi su. Da hagu sai dai in jawo farantin a karkace, sau biyu ina yankan babban yatsa. Na bar ta.

Wadda ta zauna mini ita ce mai makullin sakata. Wata 'yar sandar ƙarfe ce ta ratsa ƙota daga wannan gefe zuwa wancan, tana tafiya gaba da baya. In wuƙa ta buɗe sai ta hau kan gindinta. In za ka rufe, ka kama kawunan sandar biyu ka ja baya, yatsunka ko kusa da hanyar kaifi ba sa zuwa. Kamfanin Benchmade ne ya fito da ita da sunan Axis a ƙarshen shekarun 1990, yanzu da wa'adin haƙƙin mallakar ya ƙare kamfanoni da yawa suna yi. Rauninta wasu siraran wayoyi ne guda biyu da ke tura sandar. Tawa mai araha ce, na yi damina ɗaya ina aikin famfo a Ajah, iskar teku da gumi suka ci ɗaya ya tsinke. Ɗayan ya ci gaba da riƙewa, amma da laushi. Na zaga ban samu na canji ba, sai wani mai gyaran agogo ne ya lanƙwasa mini wata waya.

Hajiya Mai Abinci, Obalende:

Sannu Malam, Allah Ya kiyaye gaba. Ku maza duk kuna ta maganar ƙarfe, ba wanda ya tuna wa bawan Allah nan cewa kayan ci yake taɓawa. Wuƙar da ke yanka albasa a nuna wa mai saye, ba a zuba mata man keke. Man gyaɗa nake shafa wa tawa.

Tawa mai zoben juyawa ce, ɗana ya sayo mini a Kwatano, kwaikwayon Opinel ta Faransa. Zoben nan Marcel Opinel ya ƙara wa wuƙarsu shi a 1955. Ba sifirin ko ɗaya a ciki. Ka buɗe, ka murɗa zoben da ke wuyan ƙota, shi ke nan ya tare hanya. Babu abin da zai tsinke, wankewa kuma ba wuya. Matsalar tawa katako ne. Daga watan shida in ruwa ya kankama, ƙotar ta sha laima ta kumbura, wuƙar ta ƙi fitowa ko ka karya farce. Sai in riƙe ta ta wuya in buga gindin ƙotar a kan tebur, tsinin ya ɗan leƙo in jawo. In na bar ta kusa da murhu ta kwana sai ta saki. Ruwan albasa kuma yana baƙanta baƙin ƙarfe nan da nan, in ba ka goge ba gobe tsatsa. Nemi farin ƙarfe marar tsatsa.

Malamin Makaranta, Mushin:

Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Shekara goma sha biyar ina riƙe da Victorinox ƙarama, ta Suwizalan, ba makulli, ba ta taɓa cizona ba. Mai sifirin kaɗai an yi ta ne don yanka, inda ƙarfin yake tura kaifi ya ƙara buɗewa. Da zarar ka soka tsini ka danna, ka juya ƙarfin zuwa hanyar rufewa. Makulli yana sa mutum ya saki jiki ya riƙa ɓamɓare abu da wuƙa, ranar da ya zame kuwa raunin ya fi muni.

Dattijo, Alaba Rago:

Malam, maganarka haka take ga mai fiƙe fensir a zaune. Wanda ke kan mota da asuba, hannu jiƙe, 'yan dako suna jiransa, ba kullum zai tuna ta ina ƙarfi ke bi ba. A bar shi ya sayi mai makulli, ya kuma ɗauki nasiharka.

Mai Albasa, Mile 12:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Jiya na koma Idumota da ƙanena, shi ya riƙa gwadawa tunda hannuna bai warke ba. Laina-lok uku muka leƙa kamar yadda mai wayarin ya ce, biyu bakin farantin kaɗai ya taɓa. Ɗaya ma da ya ɗan buga bayanta a kan benci sai ta rufe. Mai sakata ta burge ni, amma labarin wayar da ta tsinke ya tsaya mini a rai, don rumfarmu ba ta rabuwa da laima. Mai zoben Hajiya ban samu ba.

Na ɗauki mai makullin baya, farin ƙarfe, ƙotar roba, mai sauƙin nauyi. Madanninta a tsakiyar ƙota yake, sai da na sa ƙanena ya damƙe ta da ƙarfi muka tabbatar tafin hannu ba ya danna shi. Na sa tsinken sakace a cikin akwatin kuɗi saboda gurbin, Oga direba. Ɗinkin buhu kuma daga yanzu kaifi zan sa ƙarƙashin igiya in ja waje, kamar yadda Malam ya nuna. Ranar Litinin za a cire mini zare.