Tawul ya fita wanki amma warin na nan: me kuke yi masa?

Uwar yara, Ngaundere

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ana wanke tawul da omo, a ɗauraye, a shanya, in ya bushe hanci ba ya jin komai. Amma da an goge jiki sau ɗaya ya sha danshi, sai wani tsami ya taso kamar na tsumman kicin. Da damina abin ya fi muni, mu kuwa nan tun Afrilu ake ruwa har Oktoba. Ƙarin omo bai yi ba, ruwan ƙamshi bai yi ba. Masu sana'a da iyayenmu mata, a taimaka da abin da aka gwada, a haɗa da awo don Allah.

Mai wanki da guga, Garwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙarin omon nan shi ne rabin ciwon. Tawul ba atamfa ba ne, gashin jikinsa zare ne a lanƙwashe, kowanne yana riƙe kumfa da maiƙon jiki. Ɗauraya ɗaya ba ta fitar da su, sai su daskare a ciki. Sai an fara kwance wannan daskararren kafin a yi maganar wanki.

Ki tafasa ruwa lita 5, ki juye a kan lita 5 na ruwan famfo a baho. Zafin zai tsaya wajen digiri 60, wanda hannu ba ya iya zama a ciki, kuma shi ake so. Ki daka farar kanwa, cokalin cin abinci 2, ki narka ta a kofi, ki tace da ƙyalle saboda yashi, sannan ki zuba. Manyan tawul 2 kawai, kada a cusa 5. A danna su da muciya su nutse, a rufe bahon da faranti, a bari awa ɗaya. Ruwan da zai fito, ko tawul ɗin jiya aka wanke shi, sai kin ga ya yi kalar kunu. Daga nan a wanke da omo cokali ɗaya ga kowane tawul, a ɗauraye sau 3. In ruwan ƙarshe yana da santsi a yatsa ko ya yi fari-fari, ba a gama ba. Jar kanwa tana bar wa farin tawul tabo, a guje ta.

Malamin kimiyya, Marwa

Abin da Malam ya faɗa haka yake, ga dalilinsa. Warin aikin ƙwayoyin bakteriya ne, kuma wadda aka fi kamawa da laifin warin kayan wanki ita ce Moraxella osloensis. Tana cin maiƙon da fata ta bari, tana fitar da wani sinadari mai tsami. Wanki da ruwan sanyi ba ya gamawa da ita, bushewa ma ba ta kashe ta duka, sai ta lafe. Shi ya sa busasshen tawul yake yaudarar hanci, da ya jiƙe ta farka.

Kanwa kuwa, irin wadda ake haƙowa a Kanem da gefen Tafkin Chadi, yawancinta sodiyam kabonet da bikabonet ne, su ke narka maiƙo. Amma akwai wani datti na biyu da ba ta taɓawa. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi yana ɗauke da kalsiyam da magnesiyam, in suka haɗu da sabulun sanda sai su zama wani farin datti mai danƙo, irin wanda kike gani ya zagaye bakin baho. Shi ke sa tawul ya yi tauri kamar buhu. Maganinsa abu mai tsami: farin ruwan khal, wato binega, kwata na lita a lita 10 na ruwa, a jiƙa minti 30 bayan ɗaurayar ƙarshe, a sake ɗaurayewa sau ɗaya. Ba ya barin wari in ya bushe.

Kuskuren da ya yi yawa shi ne zuba kanwa da khal a baho ɗaya. Za a ga kumfa na tashi a ɗauka aiki ake yi, alhali suna kashe juna ne, abin da ya rage ruwan gishiri. Kanwa da fari, ɗauraya, khal daga baya.

Hajiya mai turare, Njamena

Malam, in babu khal a kanti, ruwan lemun tsami 6 zuwa 8 a tace yana tsayawa a madadinsa. Ban da tsamiya, tana rina fari.

'Yata ta Ngaundere, ki duba wane tawul ne ya fi warin. Sau da yawa na kai ne. Man kaɗe, basilin, man karkar da haɗin shebe duk suna komawa jikin tawul, kuma mai in ya tsufa gafi yake yi. A ware na gashi daban, a ba shi jiƙon kanwa sau biyu. Sannan maganar da ta shafi sana'armu: kada a ɗora tawul mai sauran danshi ko sauran wari a kan kabbasa. Turaren wuta da humra mai ne a cikinsu, suna hawa kan dattin su rufe shi, bayan kwana biyu a sami ƙamshi da tsami a cakuɗe, wanda ya fi warin farko tayar da zuciya. Turare sai bayan ya fita tas ya bushe ƙayau. Ruwan tausasa kaya ma haka, yana shafe zaren da santsi. Ki ɗiga ruwa a busasshen tawul, in ɗigon ya tsaya yana ƙyalli bai shige nan take ba, zaren ya toshe.

Mai gyaran injin wanki, Kuseri

Masu inji, wani lokaci warin daga injin yake. A buɗe robar bakin ƙofa a leƙa lungunta, a zaro aljihun omo, a kwance matatar da ke ƙasa: baƙin datti mai yauƙi ne. A goge, a kunna injin ba kaya a digiri 60 ko 90 sau ɗaya a wata, a riƙa barin ƙofar a buɗe. In an ɗauke wuta ana tsakiyar wanki, kada a bar tawul ya kwana a ciki, a fito da shi a ƙarasa da hannu.

Ma'aikaciyar jinya, Garwa

Ba a ambaci javel ba, wato ruwan bilic mai faranta kaya, kuma na san za a yi amfani da shi. Farin tawul na auduga kaɗai, ruwan sanyi, ƙaramin kofin shayi ɗaya, wajen mililita 100, a lita 10, minti 15, a ɗauraye sosai. Wannan awon na mai ƙarfin kashi 2.6 ne, a duba jikin kwalba, wani ya ninka haka. Kada a taɓa haɗa shi da khal ko lemun tsami, iskar kulorin ke tashi, tana ƙona ido da huhu. Tawul ɗin yara mai fitsari ma a wanke shi tukuna kafin a sa shi a javel. In aka maimaita javel kowane mako, zaren zai ruɓe.

Kuma a daina shanya a ƙasa ko kan yashi a inuwa. Akwai ƙuda mai yin ƙwai a kaya masu danshi, tsutsar ta shiga fata ta fito kamar maruru. Guga mai zafi tana kashe ƙwan.

Inna, Ngaundere

Duk kun yi maganar baho, saura igiya, mu kuwa nan ita ce matsalar. A Marwa ko Njamena cikin Afrilu, da zafi ya haura 40, tawul kafin azahar ya bushe. Nan a watan Agusta sai ya wuni ya kwana da danshi, aikin kanwar duk ya tashi a banza. A yi wankin da sassafe. Mutum biyu su kama bakin nan da bakin can su murɗe, a kaɗa shi da ƙarfi gashin ya miƙe. A shimfiɗa shi a kan igiya biyu, iska ta bi ta ƙasa, ba a ninke biyu a kan ɗaya ba. In hadari ya taso, a mayar da shi baranda ko gaban fanka, ba banɗaki ba. Bayan wanka ma, ƙusar bayan ƙofa ita ke kashe tawul, a fita da shi waje a baza. Goge jiki sau 3 ko 4, ya koma wanki. Da damina a ajiye masu kaurin nan, a sayi marasa kauri.

Kafin a ninke, a taɓa ɗinkin baki, nan ne ƙarshen bushewa. In kina son tabbaci, ki jiƙa kusurwa ɗaya da ruwan ɗumi, ki murza, ki shinshina. In tsamin na nan bayan jiƙon kanwa biyu, ko baƙaƙen ɗigon fumfuna sun kama zaren, a yanka shi a yi tsumman goge ƙasa.