Birkin tsohuwar taraktar lambu ya daina kamawa

Manomi daga Mai Wurno:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin inji. Muna da wata tsohuwar ƙaramar tarakta, irin wadda bel ke haɗa injinta da giyabos, muna ɗaura mata amalanke muna kwaso ayaba daga lambunmu da ke bakin kogin Shuɗin Nilu a nan Sudan. Duk tsawon damina a rumfa take a ajiye, kuma tun da muka fito da ita birkinta bai ƙara kamawa ba. Idan na taka feda, kuloci yana saki, giya tana shiga lafiya, amma fedar sai ta kai ƙasa taraktar na ci gaba da gangarawa. Na ƙara ɗaure notin sandar birki, ban ga wani canji ba. Hankalina bai kwanta ba, domin hanyar lambun gangare ce mai fuskantar kogi, kuma ɗana ne yake tuƙa ta.

Makaniki daga Sinnar:

Wa alaikumus salam, Malam. Da farko ina roƙonka kada yaron ya sake hawanta sai an gyara. A irin waɗannan taraktoci feda ɗaya ke aiki biyu: rabin farko tana sassauta bel, rabi na biyu tana jan birki, shi ya sa sakin kuloci yake ƙara haɗarin, tunda inji ma ya daina riƙe ta.

Ka leƙa gefen giyabos, za ka ga wani ƙaramin faifan ƙarfe tsakanin takalman birki biyu, da wani hannu wanda sandar ke ja. Bayan hannun akwai fil guda biyu na ƙarfe da ke tura takalmi ya matse faifan. Gidan da suke ciki na alminiyon ne, kuma idan laima da laka suka shiga, sai su ci tsatsa su maƙale, hannun ya yi ta motsi a banza. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini bayan damina wannan ce cutarsu, don haka ɗaure noti ba zai yi magani ba.

Ka jiƙa kusoshin biyu da ke riƙe gidan da man sassauta tsatsa, ka bar su su kwana, sannan ka kwance su da lallami, domin idan suka karye a cikin alminiyon aikin ya ninka. Ka fitar da fil ɗin, ka goge su da samfefa har su riƙa shiga da fita da yatsa, ka shafa musu giris ɗan kaɗan wanda ba zai taɓa faifan ba. Shi ma faifan ya kamata ya riƙa zamewa a kan sandarsa. Bayan an mayar, sai a daidaita notin tsakiyar hannun yadda ratar faifai da takalmi ba za ta wuce rabin milimita ba.

Dattijo daga Gadarif:

Usta makaniki ya faɗi gaskiya, Allah ya saka masa da alheri. Abin da zan ƙara, ɗana, shi ne wannan birki giyabos yake riƙewa, ba taya ba. Saboda haka idan ɗan ƙarfen da ke kulle taya da aksul ya karye, ko birkin sabo ne ba za ta tsaya ba. Kada kuma ka gwada ta a kan jak, domin ko birki ya kama, za ka iya juya taya ɗaya ɗayar ta juya baya. Ka ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, ka kashe inji, ka cire giya, a taka birki a tura: idan tayoyin baya suka ja ƙasa ba su juya ba, to ya kama. Sai dai ka sani ba a yi birkin nan don tsayar da amalanke mai nauyi a gangare ba, gara a rage lodi a sauka da giya ta ɗaya.

Manomi daga Mai Wurno:

Na gode, Baba, na gode, Usta. Na buɗe, fil ɗin duka biyu a maƙale suke, takalmin ciki kuma ya jiƙe da mai.

Makaniki daga Sinnar:

To, robar da ke tare mai a bayan faifan ta mutu, kuma sai an sauya ta tare da takalman, domin takalmin da ya sha mai ko an wanke shi yakan sake fitar da shi idan ya ɗauki zafi. Ka tafi kasuwa da tsofaffin a hannunka a gwada, ka kuma goge ƙurarsu da jiƙaƙƙen tsumma, kada ka hura, saboda wasu tsofaffin takalman suna da asbestos mai cutar da huhu.